Bayan Ƙyallen Majigi

Mu huɗu ne muke ciyayya a ƙofar gidan Malam Muntaka mai goro: shi maigidan, da Arzika tela, da Kofur Haggai, da ni. Da yamma kowane gida a fito da kwano, a jera bisa tabarma, a ci wannan a koma wancan. Haka muke tun dawowar Kofur daga yaƙin Bama, shekara goma ke nan ko kusa. Shi ɗan mishan ne, mu Musulmi, amma zancen bai taɓa zuwa bakin kwano ba, in ban da tsiyar da Arzika kan yi masa da azumi, wai shi ya fi kowa saurin jin kiran magariba.

To, mutumin da ya je Bama ya dawo ko ƙwarzane babu, sai ga bindigar toka ta fashe masa a hannu a bayan gari, wajen harbin zabi. Aka kai shi asibiti, aka yanke hannun dama daga wuyan hannu. Ciwo ya warke kafin damina ta yi nisa. Zaman tabarma ne bai dawo ba. Kullum Leah, matarsa, za ta kawo kwanon gidansu ta ajiye, ta gaishe mu, ta koma. Shi kuwa yana ɗaki yana ci shi kaɗai, ƙofa a saye.

Bai faɗa mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, don kowa ya sani. Mutum ba ya sa hagu cikin kwanon jama'a. Ga shi kuma tabarmar ta Malam Muntaka ce, wanda duk Zuru an san shi: ko Sarkin Kasuwa ne ya miƙo hagu zai karɓi goro, sai ya riƙe goronsa har a sake hannu. Arzika ya taɓa aika wa Kofur cokali. Aka dawo da shi da saƙon cewa shi bai taɓa ganin inda aka ci tuwon dawa da ƙarfe ba.

Da kaka ta yi, Leah ta gaya mana abin da muke tsoro. Kofur ya yanke shawarar komawa Dirin Daji wajen wansa, can cikin gona, inda ba tabarma ba majalisa. Ranar kasuwa mai zuwa zai bi 'yan jakunan da ke komawa can. Har ya ba Arzika rigunansa a rage musu hannun dama a ɗinke bakin.

A cikin wannan mako ne motar majigi ta zo gari, aka yi shela cewa za a nuna yamma biyu a jere. Aka kafa itace biyu a filin bakin kasuwa, aka ɗaura wani babban farin ƙyalle, injin wuta yana ta ƙugi. Mu uku muka sami wuri a gaba. Mun aika wa Kofur, ya ce kansa na ciwo.

Washegari da hantsi muka taru a rumfar Arzika, kamar yadda rabin gari ya taru a rumfuna, kowa na maida abin da ya gani. Arzika mutumin Kabi ne, in yana magana keken ɗinkinsa hutawa yake yi.

"Ni dai wanga mai lasifika shi ya ɓata min rai," in ji shi. "Bature ya buɗe baki sau guda, shi ko sai ya yi magana ta rabin yini. Kuma da Hausar Kano, awa mutum na tauna ƙanzo."

"Da bai yi bayani ba, me za ka fahimta?" in ji Malam Muntaka.

"Mi ad da wuya? Soja sunka yi maci, manomi ya shuka auduga, agwagwa ta ci mutuncin Bature. Ko kurma ya gane."

"Audugar nan ita ta tsaya mini," in ji Malam. "Na sa goro a baki ana shuka, ban gama taunawa ba har an tsince an kai sikeli. In suna da irin nan, su ba mu mana, su daina wahalar da mu da wa'azi."

Muna cikin dariya sai inuwa ta faɗo bakin rumfa. Kofur ne, ya zo karɓar rigunansa, hannun dama a cikin aljihu kamar mai neman wani abu. Muka gaisa. Arzika ya ce saura maɓalli ɗaya, alhali na ga rigunan a ninke tun jiya. Ya tura masa kujera da ƙafa. Kofur ya zauna a bakin-baki.

"Ka yi asara, Kofur," in ji Arzika, yana neman allurar da ke maƙale a hularsa. "Da ka ga manomin majigi. Huɗa shikai da farar riga, ko zuhwa babu. Ni da nike tela na san rigar ga ba ta taɓa ganin gona ba."

Kofur ya ce, "Na gan shi. Wannan da golmo ya je, ko akuya ba za a ba shi ba, balle mata."

Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita, kuma Kofur ya yi nasa a kan Leah, ba ya gajiya da faɗa. Muka kwashe da dariya, har da ƙari, don rabon mu da jin irin wannan daga bakinsa tun kafin bindiga.

"Ashe ka je," in ji Malam Muntaka. "Ciwon kan ya sauka ke nan."

"Leah ce ta matsa. Ana cikin auduga muka iso."

"To ai ka ga mai agwagwa," in ji Arzika, ya miƙe tsaye.

Wasan ban dariyar da aka rufe da shi ke nan. Wani dogon Bature siriri aka gayyata cin abinci gidan manya, shi kuwa ya ɓoye agwagwa a cikin kwat ɗinsa. Duk lomar da ya ɗauko, kafin ta kai baki agwagwa ta zuro wuya ta wafce. Ya koma ɗauka da hannu a ɓoye, ta ciji yatsa. Maigida ya miƙo hannu a gaisa, ya damƙo bakin agwagwa. Arzika ya cusa hularsa cikin riga ya yi mana duka, shi ne Baturen, shi ne agwagwar, shi ne uwargida mai suma.

"Amma ni ba agwagwa ta kashe ni ba," in ji shi da ya zauna yana haki. "Wandon nan. Kun ga inda ya tsaya? Bisa ƙwabri. Telan da ya yanka shi, shi ya kamata a biya, ba dogon ba."

"Kai komai sai ka kai shi ga almakashi," in ji Malam. "Ni uwargidan na tausaya wa. Mace ta wuni a madafa, a kawo mata baƙo da tsuntsu a hammata. Amma agwagwar tana da hankali. Duk gidan ita kaɗai ta san abin da ya kawo ta. Haladu, kai fa? Ka yi shiru kamar ba ka je ba."

Na ce ni ma agwagwar.

"Ka ji shi. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci, an koya mai baƙaƙe, ba a koya mai magana ba," in ji Arzika. "Kofur, raba mu. Wando ko agwagwa?"

Kofur yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ni ban ga abin dariya ba."



"Mutum yana cin abinci da hagu," in ji Kofur, a hankali, "yana miƙa gaisuwa da hagu, ya rasa yadda zai yi da kansa a gaban mutane. Gari duka ana ta dariya har da faɗuwa. Na ji muryarka, tela, ta fi ta kowa. Na ji taka ma, Malam."

Muka dubi juna.

"Hagu kuma?" in ji Malam Muntaka. "Da dama ya ci, Kofur."

"Da hagu."

"Wallahi da dama. Ni da ke lura da irin wannan? Da hagu ce ai da na tashi."

Da maganar ta fita ya so ya maida ita, amma ta riga ta fita. Kofur ya ɗaga kai ya dube shi.

"Na sani," in ji shi.

"Ba haka nake nufi ba."

"Dama ce, Kofur," in ji Arzika da sauri. "Agwagwa na hammatar hagu, shina ci da dama. Haladu, hwaɗa mai."

Na ce dama na gani.

Kofur ya miƙe. Ba ya ɗaga murya in ransa ya ɓaci, sai dai Hausarsa ta koma ta bariki, gajere-gajere. "Shekara nawa ina tsayar da mutane a layi, ina ce musu hagu, dama, hagu, dama. In akwai abin da na sani a duniya, shi ne wannan. Hannu na rasa, ba ido ba. Dariyar ba ta dame ni kamar wannan ba. Ku uku ku haɗa baki ku yi mini ƙaryar da ake yi wa mara lafiya."

Ya ɗauki rigunansa daga kan keke, ya danne su a ƙirji, ya fita.

Abin ya tsaya wa Malam Muntaka a rai har azahar. Shi mutum ne da ba a taɓa ce wa maƙaryaci ba, ko a cinikin goro. Arzika kuwa ya yi ta gwada lomar da hannu biyu, yana ɗaga wannan yana ɗaga wancan, har shi ma ya fara shakkar kansa.

Bayan la'asar muna ƙofar gidan Malam sai ga Leah ta zo tambaya ko a fito da abinci da wuri saboda majigi. Ta durƙusa ta gaishe mu. Idonta ya nuna gidan ba daɗi.

"Matar Kofur," in ji Arzika, "ke ma kin ga mai agwagwa?"

"Na gani, Baba tela. Ni na jawo wa kaina. Dariya ta kama ni har na riƙe ciki, ina juyowa na ga ya tafi ya bar ni. Tun jiya bai yi mini magana ba, ko da yarenmu."

"Tsakaninki da Allah, da wane hannu mutumin ya ci?"

"Da hagu mana."

Malam Muntaka ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

Na tambaye ta a ina suka zauna.

"Ba mu zauna ba. Ya ce shi ba zai shiga cikin mutane ba. Muka zaga ta bayan rumfunan mahauta, muka tsaya gindin tsamiyar nan, bayan ƙyallen. Ana gani sarai daga can, ba kowa sai mu da awaki."

Arzika ya dube ta. Sannan ya nuna zanen da ke jikinta, wani mai hoton tsuntsaye a jere.

"Tsuntsun ga na bakin zanenki, ina shika kallo?"

"Wajen gidan Malam."

"Juya bakin zanen ki duba ta ciki."

Ta juya. Tsuntsu ya koma kallon hanyar kasuwa. Ta mayar, ta sake juyawa, sai ta sa hannu ta rufe baki.

"Ƙyalle ai ƙyalle ne," in ji Arzika. "Shina da gaba, shina da baya. Mu munka ga gaba, ku kunka ga baya. Ba wanda ya yi ƙarya. Tashi mu tai mu hwaɗa mai, Malam."

Malam Muntaka bai motsa ba.

"Mu ce masa me?" in ji shi. "Mu ce kwantar da hankalinka, mutumin ba bahago ba ne? Wato da bahago ne, da dariyar ta halatta. Ya ji wannan, ya gode, ranar kasuwa ya bi jakuna."

Ya jima yana juya goro a tafin hannu. Can ya dubi Leah.

"Yau kada ki kai masa tuwo ɗaki. Ki kawo kwanonku gindin tsamiya. Tela, a kai naka can. Haladu, kai za ka je ka kira shi, don kai ba ka da bakin da za ka ɓata abu. Ka ce masa ya kira ni maƙaryaci a gaban mutane. Ka ce zan tsaya inda ya tsaya jiya, da ƙafata. In hagu na gani, zan ba shi haƙuri. In ya ƙi zuwa, shi ya ci amanar shari'a."

Na same shi a tsakar gida yana ɗaure buhu da hannu ɗaya da haƙori. Ban taya shi ba, don na san ba ya so. Na jira ya gama, na isar da saƙo yadda aka ba ni. Ya daɗe yana kallon buhun.

"Malam ne ya ce zai ba da haƙuri?"

Na ce shi ne.

"Wannan ko don in gani, zan zo."

Muka yi magariba a masallacin bakin kasuwa. Da muka fito yana tsaye daga gefe yana jiran mu, kamar yadda ya saba a da, sanye da ɗaya daga cikin rigunan da aka rage. Muka zaga ta bayan rumfunan mahauta. A gindin tsamiya Leah ta riga ta shimfiɗa tabarmar Malam, ta jera kwanoni a rufe, da buta a gefe, ita kuma ta koma can kan wata saiwa ta zauna. Kofur ya ga kwanonin. Amma bai zauna ba. Daga ɗaya gefen ƙyallen ana jin hayaniyar gari duka, mu kuwa daga mu sai awaki.

Inji ya tashi, haske ya faɗo kan ƙyalle. Rubutu ya fara fitowa. Na gwada haɗa baƙaƙen da aka koya mana, na ga duk sun juya mini baya, sun taso daga dama kamar ajami. Na yi shiru da bakina.

Sai ga sojoji, waɗanda Kofur bai gani ba jiya. Sahu-sahu, da ganguna, da wani babban hafsa a tsaye bisa dakali. Kofur ya gyara tsayuwa ba tare da ya sani ba. Sahun farko ya iso gaban dakali, mai jan su ya ɗaga hannu ya sara.

"Kai," in ji Kofur. "Wane irin soja ne wannan?"

"Mi ya yi?" in ji Arzika, kamar bai sani ba.

"Da hagu ya sara. Dubi hafsan ma, da hagu ya amsa. Bindiga duk a kafaɗar da ba ita ba. Bataliya guda? Da sajemanjanmu ya ga wannan, da sai ya..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya, ya dubi ƙyallen, ya dubi itacen da aka ɗaura shi. Sai ya taka ya nufi gefe, ya leƙa ta gaba, ya jima, ya dawo ya duba ta baya. Ya sake komawa. Da ya dawo karo na biyu, tafiyarsa ta sake.

"Ta can da dama suke sarawa," in ji shi.

"To," in ji Malam Muntaka.

"Ashe ni na tsaya a bayan fareti."

"Zauna dai, shari'a ba ta ƙare ba. Ba a kan soja muka yi musu ba."

Ya zauna a bakin tabarma. Aka yi auduga, aka shuka aka tsince, Arzika yana ta zagin farar riga. Sannan dogon Bature ya fito da wandonsa, hayaniya ta tashi daga can gefe tun kafin ya yi komai. Ya zauna a teburin manya. Ya ɗauki loma.

Malam Muntaka ya sunkuya gaba ya ƙura ido, kamar mai duba goro ko da tsutsa.

"Hagu ce," in ji shi. "Na gani da idona. Kofur, ka yi gaskiya. Ka yi haƙuri."

"Malam, ai ku ma..."

"Ban gama ba. Ga shi yana ci da hagu a gabana, ban tashi ba."

Ya jawo buta. "Kawo hannun."

Kofur bai miƙa ba. "Malam, ka san abin da ake yi da shi."

"Na sani. Na kuma san abin da ake yi da ruwa. Wanda ya ba ka biyu shi ya karɓi ɗaya, bai ce ka zauna da yunwa ko ka ci a ɓoye ba. Ni da nake hana mutane miƙo hagu, masu dama nake hanawa. Kawo."

Da ya ga ba a miƙo ba, sai ya kamo hannun da kansa. Ya zuba ruwa, ya cuɗa shi da nasa hannun, yatsa bayan yatsa, har tsakankani, kamar yadda ake yi wa wanda za a koya wa alwala. Kofur ya kau da kai yana kallon tsamiya.

"Ni na wanke shi," in ji Malam. "Mai magana ya zo ya yi da ni. Bismillah."

Aka buɗe kwanoni. Na gidan Kofur tuwon dawa ne da miyar yakuwa, Leah ta sa ƙaton ƙashi mai nama a tsakiya. Mu uku muka sa hannu. Shi hannunsa na bisa gwiwa, ruwa na ɗiga. Ba wanda ya dube shi, kowa ya maida ido kan ƙyalle.

A can agwagwa ta zuro wuya ta wafce loma. Ta sake. Baturen ya dube ta, ta dube shi. Na ji wani abu kamar tari daga wajen Kofur. Da maigida ya damƙo bakin agwagwa yana girgizawa da fara'a, tarin ya fashe ya zama dariya, irin tasa ta da, mai fita ta hanci. Leah ma ta saki tata daga kan saiwa.

Arzika kuwa, idonsa na kan majigi, hannunsa na tafiya a hankali wajen ƙashin nan.

"Tela," in ji Kofur, "ina ganin ka."

"Mi na yi?"

"Naman gidana ne."

"Naman ciyayya ba shi da gida. Wata nawa ina cin rabonka, ka zo ka hana?"

Yatsun Arzika suna taɓa ƙashin, hannun Kofur ya riga shi. Ya ɗauke, ya kai baki. Sai da ya ciza sannan ya tsaya, ƙashi a hannu, miya na bin wuyan hannunsa. Malam Muntaka ya tura masa kwanon gabansa ba tare da ya sauke ido daga ƙyalle ba.

"Ga uwargida za ta suma," in ji shi. "Ku duba, nan ne na ce muku abin tausayi."

Kofur ya gutsuri tuwo.

Ranar kasuwa ina rumfar Arzika masu jakunan Dirin Daji suka ɗaura kaya bayan azahar. Na ga ɗayansu ya tsaya ƙofar gidan Kofur, aka miƙo masa buhun nan, aka yi 'yar magana, ya kora jakinsa shi kaɗai. Ban tambaya ba. Arzika ma, abin mamaki, bai tambaya ba, sai dai ya taka keke da ƙarfi har zare ya tsinke.

Da yamma mun shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam, sai ga Kofur da kansa, ya tallafo kwano da hagu ya tokare shi da dungun a ƙirji. Ya ajiye, ya zauna a wurinsa na da, yana fuskantar Arzika. Malam ya jawo buta, wannan karon zubawa kawai ya yi.

"Na yi tunani," in ji Kofur yana yarfe ruwa. "Ku duka kun kuskure. Ba wando ba ne, ba agwagwa ba ce. Maigidan ne. Mutum ya gaisa da tsuntsu har ya tambaye shi iyali."

"Wannan mai lasifika ne ya ƙara," in ji Malam. "Baturen bai ce haka ba."

"Yaushe ka fara jin Turanci, Malam?"

Arzika ya karkata kai yana auna hannun Kofur da ido, kamar zai yanka masa riga.

"Ka san wani abu, Kofur? Daga nan inda nike zaune, hannun ga naka wajen damata shike."

"Ci tuwo, tela," in ji Kofur.